Mai Tafiyar Awa Ɗaya

Tun safe yake zaune a gabana a ɗakin jiran jirgi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya maƙala matashin wuya kamar mai shirin tsallaka teku. Tikitinsa na leƙowa daga aljihun gaba, in ya nutse sai ya jawo shi don a gani.

Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya sha karatu. "Awa ɗaya ce tak a sama, malam! Mama na asibiti, wai ƙannena in bi su a mota, awa bakwai. Ni ina na ga lokacin ɓatawa? Kafin su yi rabin hanya na gaishe ta har na huta."

Ina jin a gida ma haka yake, yayan da ba a musu da shi, sai dai a ce to.

Yanzu rana ta yi sanyi, ko ƙeyar jirgin ba mu gani ba. Wayarsa ta yi ƙara, muryar ƙaninsa har inda nake: "Yaya, mun iso tun ɗazu. Za a shiga da ita tiyata, kai take ta tambaya."

Ya gyara murya. "Ce mata ga ni nan, yanzu za mu sauka."

Daidai nan lasifika ta fara ba da haƙurin ƙarin jinkiri. Ya yi wuf ya toshe bakin wayar da tafin hannu yana harararmu, sai ka ce mu ne za mu kai ƙararsa gun Mama.