Ciwon Kafaɗar Hajiya

Bara wasu ɗalibai 'yan China suka zo Tianxiu, ginin da mu baƙi muke kasuwanci a ƙasarsu, suna tambayar abin da ya sa matanmu ba sa zuwa asibiti sai ciwon daji ya ci jiki. Wasunmu suka ce tsada, wasu suka ce tsoron a duba biza. Ni dai marigayiya Hajiya ce ta faɗo mini a rai.

Bakanuwa ce, ta girme ni nesa ba kusa ba, ita ta koya mini sarin kaya a kasuwar tufafi ta Baima. Sinancinta bai wuce "lawban", wato maigida, da "meyo", wato babu, amma da su take ciniki har mai shago ya yi gumi. Mijin 'yarta ta fari yana harkar lodin kwantena, ya iya Sinanci sosai, shi ne tafintanmu a komai. Ko sunansa ba ta faɗa, ruwa ma ba ta sha a gabansa.

Ashe ta daɗe da jin ƙullutu a nononta, ta yi shiru. Da abin ya matsa ta ce a kai ta asibiti, to wa zai kai ta in ba shi ba? Likita ya tambayi inda ke ciwo. Ta saci kallon surukin, ta ce kafaɗa. Aka ba ta maganin shafawa. Haka suka yi ta sintiri wata da watanni, kafaɗa dai. Ni kuwa har tsiya nake mata, wai rowar biyan 'yan dako ce ta ja mata.

Sai ranar da hannun ya kumbura ya ƙi ɗaguwa, ina taya ta sa riga, na ga abin da idona. Raina ya ɓaci, na yi mata faɗa kamar ba yayata ba. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Da wane baki zan ambaci wurin nan a gaban mijin 'yata?"

Muka nemi mace mai jin Hausa da Sinanci, ba mu samu ba. Dole muka koma da shi, ni na nuna wa likita wurin da hannu. Ranar da sakamakon gwaji ya fito, likitan ya daɗe yana bayani. Surukin, bawan Allah, ya juya fuskarsa bango, ya yi magana da ni, ba da ita ba. Ya ce daji ne, ya kai har ƙashi, an makara.

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Na zaci kukan mutuwa take, na rungume ta, ni ma ina hawaye. Har yau ban ji abin da ya karya mini zuciya kamar raɗar da ta yi mini ba.

"Ki ba shi haƙuri," ta ce. "Na sa ya ji abin da bai kamata ya ji ba."