Alu Bakanike da Ƙafafun Motar Unguwar Maude

Duk wanda ya bi ta bayan tashar Batsari da hantsi zai ga ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin wata mota, silifa ɗaya a sanye, ɗaya a gefe. Malam Alu ke nan. Daga masallacin asuba gareji yake wucewa, ya share gindin dalbejiyarsa, ya jera sifanoni a kan buhu daga ƙarami zuwa babba, ya sha kokonsa tun hannu bai yi baƙi ba. Fuskarsa kuwa sai azahar ake ganinta. Haka na san shi tun ina koyarwa a firamaren da ke kallon garejin, har na yi ritaya. Bana ya ce baya ya gaji, zai ajiye sifana. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mutanenmu sun gaji wata magana ba tare da bincike ba: wai bakanike ba ya barin mota ta warke sarai, sai ya rage ciwon da zai dawo da kai. Ni dai ban saba karɓar magana don kawai ta tsufa ba. Ga abin da idona ya gani.

A shekarun da zaman ƙauye ya gagara, mutanen Unguwar Maude, wani ɗan ƙauye a yankin Tsaskiya, sun watse cikin gidajen dangi a Batsari. Ni ma na sauki ƙawata Hajjo da jikokinta. Bara da aka samu sauƙi, suka yanke shawarar komawa kafin ruwan shuka. In shuka ta wuce su, sai wata shekarar a ɗakin aro, ana cin tuwon tausayi. Hajjo ta ce ita kam ta ƙoshi da shi.

Abin hawansu guda ne: tsohuwar a-kori-kura mai jan taya huɗu, wadda Muntasir, jikan mai unguwa, ke tuƙawa. A sawun farko, ɗauke da kwanon rufi da taki, ta shiga yashin rafin da ke gaban ƙauyen, aksil ɗin baya ya karye, wato ƙarfen nan da ke riƙe da tayoyin biyu. Da shanu aka jawo ta kan hanya.

Alu ya duba, ya ce in an mayar mata da irin nata, zai sake karyewa, don an daɗe ana ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Ya tafi wurin 'yan gwangwan a Katsina, ya dawo da aksil ɗin baya na wata mota da ta fi ta girma. Kowa ya yi hamdala. Nauyi ai a baya yake; a ɗaura, a tafi.

Sai ya aiko a ara masa alli a gidana. Na kai da kaina, Hajjo na biye, don tun lokacin ta mayar da bencin garejin wurin zamanta. Ya ɗiga allin a taya, ya ɗiga a bakin ƙarfen da farfela ke kamawa, wato sandar nan da ke juya aksil, ya juya a hankali yana kallo. Ya koma na gaban motar ya yi haka nan. Ya miƙe yana kaɗa kai.

"Ba za su zauna tare ba. Haƙoran cikinsu ba ɗaya ba ne. In ka sa ta jan taya huɗu, gaba na sauri, baya na ja mata rai, giya ce za ta fashe a tsakani."

Muntasir ya ce, "Baba Alu, to ba sai in bar ta a jan baya kawai ba?"

"A yashin can? Za ka sa, ɗana. Kowa ma zai sa, da mata da yara a baya. Kuma ka san ba hanyar da ake son mota ta tsaya ba ce."

Hajjo ta buga sanda a ƙasa. "Kai Alu, mi kake nufi? Hadari na haɗuwa kai kana zanen alli kamar ɗan aji ɗaya! Ko so kake ka aure ni ne kake riƙe ni a Batsari?"

"Yaya Hajjo, wa zai iya da ke? Gida nake so ki kai, ba rabin hanya ba."

Ya ce dole a nemo aksil ɗin gaban waccan motar da aka fasa, wadda ya samo na bayanta. A nan gunaguni ya tashi. Har a zauren gidana na ji ana cewa ga halin nasu ya fito, jan aiki yake. Amma mai jan aiki ba ya rufe garejinsa ya hau babur a rana. Alu ya koma Katsina, aka ce an sayar. Ya bi sawu zuwa Safana, daga can aka nuna masa Zakka. Ya tarar da shi jingine a gindin gawo a ƙofar gidan wani manomi, Malam Tayyib, wanda ya saye shi don a yi masa amalanken shanu. Mai walda kawai ake jira. Da ya rigaya ya sa masa wuta, shi ke nan.

Malam Tayyib da bakinsa ya ba da labarin a kasuwar Batsari. Ya ce bayan doguwar gaisuwa, Alu ya kalli shanunsa ya ce, "Wannan ƙarfe zai wahalar da bayin Allahn nan a banza. Ina da mara nauyi, lafiyayye, na gaban motar Unguwar Maude. Ka ba ni wannan, ni zan haɗa maka amalanken da hannuna." Da ya ji dalili, shi ya taya shi ɗora ƙarfen a motar haya.

Sauran aikin ban iya bayaninsa duka ba. Na ga an matsar da mazaunin sifirin, an rage tsawon farfela, an sake bututun birki, an canja tayoyi. Na ga ya sake ɗiga allina, gaba da baya, sannan ya yi murmushi. Ranar tafiya bai tsaya ɗaga hannu a gareji ba. Ya shiga gaba kusa da Muntasir. Hajjo ta ce da suka iso rafin kowa ya kama salati. Motar ta nutsa, ta yi gurnani, ta haye da kwanonta da takinta da tsofaffinta. Ta yi ta jigila har aka kwashe kowa. Ruwan shuka a gida ya same su.

Malam Alu, kai ne ka jure a kira ka mai jan aiki don kada mota ta mutu da mutane a daji. Kai ne ka cika wa Malam Tayyib alkawari, ga amalankensa nan na kai gero kasuwa. Baƙin hannu, farin aiki. Motar nan ba ta dawo maka da ciwon ƙafa ba har yau, kuma na san ba abin da ya fi wannan yi maka daɗi. Mun gode. Allah Ya ba bayanka lafiya, Ya sa ka ga sakamako.

Masu sana'a, ku yi koyi: in abu bai yi ba, ku ce bai yi ba, ko da hadari na kanku. Mu kuma masu kai aiki, mu rage yanke hukunci daga kan benci.

Da kaka Hajjo ta shigo Batsari a gaban motar, da damin gero a baya. Ta sa aka sauke shi a gindin dalbejiya, ta zunguri ƙafafun nan biyu da sandarta.

"Fito, ɗan aji ɗaya. Ga abin da allinka ya shuka."