Hoton Baba Birki

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a makarantar koyon tuƙin nan. Baba Birki kowa ke ce masa, don kalmar ba ta barin bakinsa, ko da motar a tsaye take.

Shekara ashirin da biyu ke nan da wata mata ta aika a kira shi. Mijinta ya rasu ya bar mata tsohuwar mota. Ita ko sitiyari ba ta taɓa riƙewa ba, amma ta ce makaranta za ta buɗe. Ya zagaya motar sau biyu, ya ce, “Hajiya, ai wannan ita ma sai an koya mata tafiya.” Shi ya kai ta wurin mai walda aka dasa birki na biyu a gefen fasinja. Shi ya jera duwatsu a fili don koyon ribas.

Yau motocinsu tara, kuma 'yar Hajiya ce ke riƙe da ofis. Da ta tashi rataya hoton uwarta a bango da rubutun “Wadda ta kafa”, Hajiya ta ce sai an haɗa da nasa.

“Umma, ma'aikaci daban, mai kafawa daban,” in ji 'yar.

Da gardama ta ƙi ƙarewa, aka kira shi. Ba ƙarya, abin ya yi masa daɗi, har ya fara tunanin rigar da zai saka. Sai ya tuna shekara ta biyu, lokacin da ɗalibai suka ɗauke ƙafa, shi kuma ya tafi jan babbar mota wata biyar. Kullum Hajiya sai ta zo ta buɗe ofis, ta goge motar, ta zauna jiran wanda ba ya zuwa.

“Hajiya, mai abu ba ya gudu. Ni kuwa na gudu.”

“Ai ka dawo.”

“Don na tarar da ƙofa a buɗe ne.”

'Yar ta yi nasara, amma jikinta ya yi sanyi. Washegari da kanta ta rataya hotonsa kusa da ƙusar makullai, ta rubuta “Malami na farko”.

Bara ya ajiye aiki, idanu sun fara gajiya. Duk ranar Asabar yakan zo ya zauna a benci, yana kushe yadda sababbin malamai ke sakin kuloci.