Mimar: Tsifar Kan Matata a Ard al-Liwa

Bayan aurenmu na taho da matata Alƙahira, muka kama ɗaki a Ard al-Liwa. Da safe ina karatu a Darrasa, da yamma in je Dokki in koya wa wata tsohuwa 'yar Sifaniya Larabcin kasuwa. Ɗanta ke aiki a nan, ita kuma zaman gida ya ishe ta.

Cikin matata na fari ya kai lokacinsa, aka haifi yaron ba rai. Ni da 'yan'uwa ɗalibai muka kai shi makwanci tana kwance a asibiti. Da aka sallame ta sai ta juya fuska bango. Ba kuka, ba magana, kwanon abinci yadda na ajiye haka zan ɗauke. Da a gida ne, da tuni mahaifiyarta da gwaggonninta sun kewaye ta, wannan na dafa ruwan wanka, waccan na dama kunun kanwa. A nan ni kaɗai ne, bizar mahaifiyar ta ƙi fitowa. Na yi tofi a ruwa, na karanto mata ayoyin haƙuri har muryata ta dushe. Likita ya ba da ƙwayoyi, ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, sai a hankali. Ita kuwa ramewa take, awarwaronta har gwiwar hannu yake zamewa. Duk sanda na sa mukulli a ƙofa, ban san abin da zan tarar ba.

Wata yamma ina koya wa tsohuwar sunayen kayan miya, na tsaya cak, na manta abin da nake faɗa. Ta cire tabarau, ta ce da gurgun Larabcinta, "Ustaz, me ya same ka?"

Ban saba kai maganar gidana waje ba, amma na faɗa mata duka.

"Me kake yi mata?"

Na lissafa.

"Wannan duk magana ce da magani," in ji ta. "Mimar fa?"

Na ce ban san kalmar ba. Ta yarensu ce, ta nemi fassararta da Larabci ta rasa. Sai ta ɗauki matashin kujera ta rungume, tana shafa shi, tana gyara masa zama kamar jariri. Ta sa na maimaita: mimo, ina yi, mimas, kana yi. Sannan ta nuna mini ƙofa. "Mímala. Yi mata. Yalla, darasi ya ƙare."

A cikin bas na gane abin da take nufi. Riritawa ce, tarairaya. Muna da kalmomin, amma ni a hannun mata kawai na san su. Ban san ta inda namiji ke farawa ba.

Da na isa gida na dafa ruwa, na jiƙa tawul na goge wa matata ƙafa da hannu. Ba ta motsa ba. Na zame ɗankwalinta, na ga kitson da aka yi mata tun kafin haihuwa ya cukurkuɗe. Na ɗauko man kaɗanya na fara tsifa. Ban iya ba, ina ja tana jin zafi, na sani. Na kai rabi sai ta yi magana, fuskarta na bango.

"Malam, ko fuskarsa ba a nuna mini ba."

Hannuna ya tsaya.

"Da wa ya yi kama?"

Na ce hancinta ne, da gashi baƙi mai yawa. Na faɗa mata yadda yatsunsa suke, da inda muka kwantar da shi. Ta fashe da wani irin kuka har maƙwabciyarmu 'yar Sudan ta buga ƙofa a firgice. Ranar ta kurɓi shayi kaɗan.

Ba ta warke ba. Wata rana ta ci, wata rana ta koma bango, ni kuma in dafa ruwa in sake. Karatuna ya lalace, na faɗi jarrabawar shekarar. Da ta samu ƙarfin tafiya na mayar da ita Katsina wurin mahaifiyarta, na dawo ɗakin ni kaɗai. Sai da damina ta wuce ta kira ni da kanta, ta ce in je kabarin in faɗa mata ko yana nan lafiya. Washegari na je.