Ranar da Muryar Na Allah Ta Ɗauke

Tsoro ya kama Muddassir ne a daidai lokacin da kawunsa Na Allah ya kai mikoro, abin ƙara murya, bakinsa, ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska. Ya yi kaki, ya dafe maƙogwaro, ya sake gwadawa. Iska dai. A gabansa kuwa mutum ya fi ɗari biyu sun cika rumfar kallo, wasu har sun ɗare katanga, kowa yana jiran muryar da Tasawa ta saba ji shekara ashirin da biyu. Ranar kasuwa ce, an idar da sallar azahar ke nan, kwanon rufi yana ta zubo zafi. Na Allah ya waiwayo, ya dubi ɗan ƙanwarsa, ya miƙa masa mikoron.

Na Allah mutumin Kona ne, ɗan manomin gero. Tun yana saurayi, da an kai amfanin gona rumbu sai ya bi ƴan kokowa gari-gari yana yi musu kirari, kuma an ce idan ya ɗaga murya a fage har masu ban ruwan dabbobi a rijiya suna jin sa. Daga baya ya tafi cirani, ya yi dako a Kano, ya yi a Agadas, ya dawo da tele, wato talabijin, da bidiyo da wani ƙaramin gurup mai ba da wuta, mai tari kamar tsohon jaki. Ya kafa rumfa a Tasawa, ya zama mai fassarar fim.

Bai taɓa shiga lekwal, makarantar boko, ba, Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba. Yadda yake aiki shi ne, idan sabon fim ya zo sai ya rufe ƙofa ya kashe sautin ya kalla sau uku. Kallon farko don ya gane wa ke ƙin wa, na biyu don ya gane wa ke ɗan'uwan wa, na uku don ya raɗa wa kowa suna. Ranar nunawa sai ya tsaya gefen tele ya ba da labarin da bakinsa.

Da haka jaruman nan masu ƙarfin ban mamaki suka zama ƴan gari. Akwai wani ƙato wanda hannuwansa ke komawa jajur idan ya fusata, Na Allah ya sa masa Garwashi, maƙera suka ce nasu ne. Akwai wani siriri mai fyauce mutum daga bakin mutuwa, shi ne Ɗan Shirwa, ƴan kabu-kabu masu haya da babur suka riƙe shi saboda shi ma ɗaukar mutane yake ya sauke. Akwai Uwar Rijiya mai kiran ruwa daga ƙasa, ita ce ta mata, kuma Zalika mai ƙosai a bakin rumfa ita ce shugabar masoyanta. Da can kowane jarumi fim ɗinsa daban, don haka kowace ƙungiya da ranarta. Bara ne aka yi kuskure maƙera da ƴan kabu-kabu suka haɗu rana ɗaya, gardamar wa ya fi wa ƙarfi ta kai ga karya benci biyu da haƙorin mutum ɗaya. Mai unguwa ya kira Na Allah ya ce idan aka sake, zai sa a ɗebe rumfar har ginshiƙanta.

To yau ga fim ɗin da aka haɗa jarumai biyar wuri ɗaya, ga masoyansu duka ƙarƙashin rufi ɗaya, ga ɗan aiken mai unguwa zaune bakin ƙofa ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Wata biyu ke nan muryar Na Allah tana dishewa. Ya sha zuma, ya tauna citta, amma ya ƙi zuwa likita. Cewa yake sai ya haɗa jaruman nan biyar, waɗanda yake kira ƴaƴansa, tukuna.

Muddassir yana da lisansi, wato digiri, ta Faransanci daga Damagaram, shekara biyu yana jiran aiki. A ransa ya daɗe yana jin kunyar sana'ar kawun nasa. Ya taɓa ce masa, "Kawu, abin da kake faɗi fa ba shi mutanen nan suke faɗi ba."

Na Allah ya ce, "Sun kawo maka ƙarata?"

Yanzu ga mikoro a hannunsa. Ya ƙara sautin tele don ya ji Faransancin, ya ƙudura cewa ko ba komai shi zai faɗi gaskiyar abin da ake cewa, kalma bayan kalma.

Bai yi minti biyar ba aka fara gunaguni. Ya kira ƙaton da sunansa na Turawa, wani daga cikin maƙera ya ce, "Wane ne kuma wanga? Garwashi ne, mun san shi tun kana aji uku."

Wani daga baya ya ce, "Mushe malamin boko, in lekwal munka zo a faɗa muna mu ɗauko alli."

Aka yi dariya. Muddassir ya ci gaba. Jarumai suka taru a wani babban zaure don su shirya yaƙi, sai gardama ta tashi tsakanin Garwashi da Ɗan Shirwa. Muddassir ya ji abin da ƙaton ya ce, ya juya shi yadda yake.

"Ya ce masa, kai ba abin da ka iya sai gudu. Ranar da aka ci garinku ma gudu ka yi."

Ɓangaren maƙera ya ɗauki shewa. Sadiƙu, shugaban ƴan kabu-kabu, ya miƙe tsaye a hankali, makullin babur yana lilo a yatsansa.

"Maimaita, ɗan lekwal. Mi ya ce?"

Kafin Muddassir ya amsa, siririn ya mayar da martani a tele, shi kuma don ruɗewa ya juya wannan ma. "Ya ce masa, kai tsohon murhu ne, ba ka dafa komai sai ƙona gidan maƙwabta."

Nan take ƙaton ya kai wa siririn naushi, siririn ya bi ta bango. A rumfa kuwa takalmi ya tashi daga hagu ya sauka a dama. Samari biyu suka ɗaga benci. Mata suka fara jan yaransu zuwa ƙofa, ɗan aiken mai unguwa ya sauke ƙafarsa ya miƙe. Muddassir ya sauke mikoro. Shekara ashirin da biyu kawunsa yana riƙe da wannan rumfa, shi ga shi zai rushe ta kafin la'asar.

Na Allah ya danna maɓalli, hoto ya tsaya cak. Ya ratsa tsakiyar mutane ba gaggawa, ya je gaban Sharifu sarkin maƙera, dattijo mai furfura wanda samari ba sa ko haɗa ido da shi. Ya sa hannu ya cire masa hula. Ya share gumin fuskarsa da ita, ya share wuya, sannan ya ɗora ta bisa tasa hular.

Masu benci suka tsaya da shi a sama.

Sharifu ya shafa sanƙonsa, ya dubi Na Allah sama da ƙasa. "Yau Allah ya kama mini kai. Shekara sittin kana cika muna kunne, yanzu baki ya mutu sai hannu ya koma sata? Riƙe ta, ɓarawon Kona. Ko ba komai yau kanka ya taɓa abin kirki."

Dariya ta ɓarke daga wajen dattawa, don kowa ya san uwar Sharifu da uban Na Allah ciki ɗaya suka fito. Taubasai ne, kuma duk abin da taubashi ya yi maka wasa ne, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Na Allah ya juyo wajen Muddassir. Ya nuna kansa, ya nuna Sharifu. Sannan ya nuna mutum biyun da suka daskare a tele, ya haɗa yatsunsa biyu.

Muddassir ya gane. Wannan ne abin da kawunsa ya gani a kallo na biyu. Ya kai mikoro baki.

"Jama'a, laifina ne, na fara labari ban faɗi asali ba. Uwar Garwashi da uban Ɗan Shirwa wa da ƙanwa ne. Mutanen nan taubasai ne."

Sadiƙu ya ƙanƙance ido. "A cikin Faransancin aka ce haka?"

Duk rumfa ta juyo gare shi. Shi ne mai lisansi, abin da ya ce shi za a ɗauka. Ya dubi kawunsa tsaye da hula biyu a ka.

"Sadiƙu, ka taɓa ganin baƙo ya zagi baƙo har ya san abin da ya faru a garinsu? Zagi irin wannan sai na gida."

Zalika ta leƙo daga ƙofa da matsamin ƙosai a hannu. "To ku sauke bencin tun ba a kai labarinku kasuwa ba. Ƙattin banza, taubasai na wasansu ku kuna zubar da gumi."

Aka sauke benci. Wanda ya jefa takalmi ya je neman abinsa da ƙafa ɗaya, maƙera suka ce sai ya roƙa da ladabi. Sadiƙu ya zauna yana cewa dama shi tun farko ya ga kamar suna kama ta wajen hanci.

Na Allah ya danna maɓalli. Muddassir ya miƙa hannu ya rage sautin Faransancin har ya ɓace. Abin da ya sha ji tun yana ƙarami a gindin wannan tele ya fara fitowa da kansa. Da ƙaton ya ɗaga hannuwa suka yi ja, sai ya ji bakinsa yana cewa, "Garwashi na maƙera, ba a sa ka aljihu. Wanda ya taka ka shi ke rawa ba kiɗa." Maƙera suka buga ƙafa har ƙasa ta amsa. Da siririn ya keto sama ya ce, "Ɗan Shirwa haya ba ciniki, ka ɗauki mutum bai shirya ba, ka sauke shi bai gode ba." Daga nan duk zagin da jaruman suka yi wa juna, ɓangarorin biyu tare suke dariya, kowa yana ƙara nasa gishiri.

Aka tsaya aka yi la'asar, aka dawo ba wanda ya rasa wurinsa. Abokin gaba ya sauko daga sama da runduna mai fukafukai wadda ta rufe rana, Muddassir ya raɗa masa Sarkin Fara. Manoman da suka zo cin kasuwa daga Baudeta, waɗanda ba su da jarumi ko ɗaya a ciki, suka gyara zama, wani tsoho ya ce a kashe masa su duka kada a bar ko ƙwai. Uwar Rijiya ta dafa ƙasa, ruwa ya tsago ya jiƙa fukafukan rundunar, mata suka rangaɗa guɗa har ƙosan Zalika ya ƙone a kasko. Can wajen ƙarshe aka turo Garwashi daga kan wani dogon bene, yana faɗowa ba mai tara. Maƙera suka miƙe, Sharifu ya kama gemunsa. Saura kaɗan ya kai ƙasa Ɗan Shirwa ya fyauce shi.

Rumfa ta ɗauka gaba ɗaya. Sadiƙu ya hau benci ya juya wajen maƙera. "Ga tsohonku nan mun ɗauko muku. Nauyi kamar buhun gero uku."

Sharifu ya ce, "Aikinku ke nan. In ba ku ɗauke mu ba wa za ku ɗauka?"

Da jarumai biyar suka jeru suka gama da Sarkin Fara, ba a ƙara jin muryar Muddassir ba saboda sowa. Aka fito da sauran rana. Ƴan kabu-kabu suka ɗora Na Allah a bayan babur da hulunansa biyu, suka zaga da shi unguwa suna busa oda, maƙera na biye a ƙasa. Aka tambayi ɗan aiken mai unguwa abin da zai je ya faɗa, ya ce shi bai ga komai ba sai wasan taubasai, kuma a ajiye masa wuri ran kasuwa mai zuwa.

Muddassir bai bi su ba. Ya zauna a rumfar da ta zama wayam, yana kallon bencin nan da aka ɗaga sama.

Washegari da safe Sharifu ya zo karɓar hularsa, ya ce ba zai tafi ba sai ya ga Na Allah cikin motar Maraɗi. Sadiƙu ne ya kai shi tasha. A gidan likita na Maraɗi aka leƙa maƙogwaron, aka ga wani tsiro, aka yanki kaɗan aka aika Yamai don a auna. Lokotoro, likitan da ya duba shi, ya ce sakamakon ne zai nuna ko muryar za ta dawo, a saurara nan da sati uku.

Rumfa tana buɗe. Muddassir ke riƙe da mikoro, kuma duk fim ɗin da ya zo sai ya rufe ƙofa ya kashe sauti ya kalla sau uku. Na Allah yana zama a gefe, idan sunan da aka raɗa bai yi masa ba sai ya girgiza kai a canza. Yau kwana goma sha tara ke nan da aka aika Yamai, sakamakon bai zo ba tukuna.