Jarkar Maganin Feshi da Na Kai Gidana

A shekarar da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, ni magidanci ne mai ɗiya ɗaya tak, ina ƙodago a lambun albasar wani attajiri kusa da Jiga Makera. Aikina feshin maganin ƙwari. In magani ya ƙare, maigidan yakan raba mana jarkokin, yana raha cewa ko a kasuwar Jega ba za mu sami masu ƙwarinsu ba. Mu kuwa sai godiya har da durƙuso. Ni ajami na iya, rubutun jikin jarkar kuwa na Turanci ne. Na kai ɗaya gida, maiɗakina ta wanke ta da toka, muka mai da ita ta ruwan sha.

Wata rana da hantsi ɗiyar tawa, wadda ba a daɗe da yaye ba, ta kama amai, yawu na dalala, jikinta na karkarwa. Na saɓe ta na ruga lambu, na tarar ana loda albasa a akori-kurar maigida. Na roƙe shi don Allah don Annabi a kai mu asibiti. Ya ce albasa ba ta jira, masu saye na dakonsa a Maiyama, in je in yi mata tofi tunda malami ne ni. Na riƙe ƙafarsa ina kuka, masu lodi suka ɓamɓare ni. Da ƙafa na kai Aliero, ina tafe ina kiran sunanta don kada ta yi shiru. A asibitin can aka ce sai Jega. Muna shiga gari Allah Ya karɓi abarSa. Likita ya ce dafin maganin ba ya barin roba ko an wanke. Daga baya mai shagon da ake sayen maganin feshin ya rantse mini cewa tun farko ya gargaɗi maigidan a huda jarkokin a binne.

Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta ɗauke hakki. Ya ku masu dukiya, ɗan ƙodago ƙarfinsa ya sayar muku, ba ransa da na iyalinsa ba. Ku kuma talakawa 'yan'uwana, ku tambayi abin da aka miƙo muku kafin ku yi godiya.

Bayan shekaru, ciwo ya kwantar da maigidan, ya aiko a kira ni, ya nemi gafara. Da ƙyar na ce masa har yau ana shan ruwa a jarkokinsa. Ya sa 'ya'yansa suka bi gida-gida suka karɓo su, suka ba da sababbi, aka huda tsofaffin aka binne a gabana. Sai da na taka ƙasar ramin da ƙafata, sannan na koma na kama hannunsa na ce na yafe, duniya da lahira.