Simintin Minista

Kawuna mai gyaran rediyo ne, shekara talatin yana shago ɗaya, tsakanin mai aski da mai faci. Duk rediyon da ya gyara sai ya kunna ya gwada, don haka labarin kasafin kuɗi yakan shiga kunnensa sau goma a wuni, ko ya so ko bai so ba. A haka 'yan bencin ƙofar shago suka laƙaba masa Minista. Bai taɓa cewa a daina ba.

Matarsa, wadda muke kira Inna, ɗinkin kayan makaranta take yi a tsakar gida. Ta daɗe tana tara ɗan abin da keke ya kawo, burinta a yi mata ɗaki ɗaya a ƙofar gida, ta daina kwashe yadi da gudu duk lokacin da hadari ya haɗo.

Shekarar zaɓe, kuɗin ya kusa isa. Sai Minista ya ce ya hango abin da ke tafe: ko wa ya ci, darajar kuɗi za ta faɗi, kaya za su tashi. Dabara ita ce a zuba komai a siminti yanzu, a jira farashi ya ninka, a sayar da rabi a biya magini da kwano, a yi gini da sauran. Inna ta ce ita dai da an fara ko da tushe ne. Ya yi mata bayani na tsawon awa guda, har da zanen ɗakin a bayan kwalin batir. Ta gaji ta miƙa masa.

Aka jibge buhunan a ɗakin baya, a kan daɓe, jingine da bango. Mai faci, da ya taya sauke kaya, ya ce a sa katako a ƙasa saboda sanyi. Kawu ya ce masa ya tsaya a kan taya, harkar tattalin arziki ba iska ake hura mata ba.

Abin haushin shi ne, duk abin da ya faɗa ya tabbata. Sabuwar gwamnati ta zo da sababbin matakai, siminti ya ninka har ya ɗora. 'Yan benci suka riƙa miƙewa idan ya iso. Mai aski ya daina karɓar kuɗinsa, shawara kawai yake nema.

Bayan damina ya ɗauki makulli ya shiga duba dukiyarsa. Ya dafa buhun farko, bai lotsa ba. Ya ƙwanƙwasa, ya ji kamar bangon gidan maƙwabci. Ya bi layi yana ƙwanƙwasawa, yadda yake bin wayoyin rediyo yana neman mai sauran rai. Sai na can sama ne, 'yan kaɗan, suka amsa.

Ya kulle ɗakin, makullin ya koma aljihun wandonsa. Daga ranar Kawu ya rage ci. Idan Inna ta tambayi zancen gini, sai ya ce a ƙara jira, farashi bai gama tashi ba, yana magana yana kallon takalminsa. A shago kuwa, duk yabon da aka yi masa sai ya sunkuya cikin rediyo yana kwance sukurun da ya riga ya ɗaure.

Wata safiya ya fito ya tarar da magini a tsakar gida, Inna ta ba shi kujera.

"Baba, an ce kai ne mai makulli," in ji maginin.

Kawu ya lalubi aljihun da ya san babu, sannan na biyu, sannan ya buɗe. Magini ya taɓa buhu ɗaya da ƙafa, ya yi tari irin na mai ladabi, ya ce ai ba asara ba ce duka, za su yi kyau a cikon tushe.

Kawu bai ɗago ba. Ya ce, "Na ɓata miki gumin shekaru."

"Malam, ni ke share ƙofar ɗakin nan. Wata biyu ke nan da na leƙa ta taga na gane. Jira nake ka faɗa mini da bakinka, sai ka yi ta karanta mini farashi."

Da ta yi faɗa, da ya fi masa sauƙi. Washegari ya tura babur ɗinsa kasuwa, ya dawo a ƙasa, ya sayi siminti a kan farashin nan da shi ya fara hangowa.

An yi ɗakin, ya fi na zanen kwali ƙanƙanta, amma keke da teburi sun shiga. Magini ya jera uku daga busassun buhunan a matsayin matakala, har yanzu ana ganin shatin takarda a jikinsu. Masu kawo ɗinki suna yaba ƙarfin matakalar, Inna takan ce maigida ne ya zaɓo da kansa.

Kawu yanzu a ƙafa yake zuwa shago. 'Yan benci ba su daina kiransa Minista ba, don ba su san wani suna ba. Amma idan rediyon da ke hannunsa ya fara zancen farashi, yakan murɗa shi ya koma tashar waƙa, ya ce lasifika yake gwadawa.